Ibnul Haisam, Malamin Da Ya Tabbatar Ido Ba Ya Fid Da Haske

Yau tarihin wani babban malami za mu kawo muku, wanda ya rasu kusan shekara 1,000 da suka wuce, amma kafin mu kai gare shi sai mun ɗan biya ta Karmo tukuna.

Da yawa daga cikinmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal, in mun tashi zuwa gida mukan yada zango a Abuja, kuma galibin 'yan'uwanmu da ke can ba a Maitama ko Asokoro suke ba, suna Karmo ne, ko Gwagwa, ko Dei-Dei inda kasuwar dabbobi take. Karmo asalinta ƙauye ne, amma tun da aka mai da hedkwatar ƙasa Abuja a shekarar 1991 ta cika maƙil da baƙi, leburori da 'yan kasuwa da ƙananan ma'aikata, kowa kuwa da ɗan abin kiwonsa. In dare ya yi aka ɗauke wuta, ka fito da tocila za ka kewaya, da ka haska lungu sai ka ga wasu 'yan fitilu biyu kore shar sun tsura maka. Yaro yakan yar da tocilar ya sheƙa ɗaki yana cewa ya ga aljani. Babba kuwa ya san akuya ce ko kyanwa, amma in ka tambaye shi daga ina wutar ta fito, sai ya ce ai dabbar dare da wutarta a ido aka halicce ta, don ta riƙa haska hanya.

Masu gadi a Ikoyi da Afafa sun san wannan abu, haka direbobin da ke ɗauko shanu daga Arewa zuwa Kurmi, haka maharba. Wannan amsa kuwa ta cewa ido yana da wutarsa, ba marasa karatu kaɗai suka ba da ita ba. Manyan masanan duniya sun yi fiye da shekara 1,000 suna riƙe da ita, har suna cewa idon ɗan Adam ma haske yake fitarwa ya je ya taɓo abin da ake kallo. Mutumin da ya zauna ya warware maganar da hujja da gwaji shi ne Abu Ali Alhasan ɗan Alhasan, wanda aka fi sani da Ibnul Haisam, Turawa kuma suna kiransa Alhazen.

HAIHUWARSA DA TASOWARSA

An haifi Ibnul Haisam wajen shekarar 965 a Basra, cikin kudancin ƙasar Iraƙi. Basra tsohon garin ilmi ne, tun zamanin Halifa Umaru aka kafa shi. Nan Hasanul Basari ya zauna, nan Halilu ɗan Ahmad da almajirinsa Sibawaihi suka tsara nahawun Larabci, kuma bayan zamanin Ibnul Haisam nan aka yi Hariri mai Muƙama wadda malamanmu na zaure ke karantarwa har yau. Don mai karatu ya gane nisan zamanin, bisa lissafin da aka saba yi da Tarihin Kano, Bagauda ya zama sarki ne a 999, lokacin Ibnul Haisam ya ba shekara 30 baya.

Ya tashi ya tarar an riga an juya littattafan Yunanawa, watau mutanen Girka na dā, zuwa Larabci a Bagadaza, saboda haka ya sami damar karanta Uƙlidis a kan lissafi da awo, da Baɗalamusa a kan taurari, da Jalinusa a kan likitanci, da Arisɗo a kan hikima. Zamaninsu ɗaya da Ibnu Sina da Biruni. A cikin wani ɗan tarihin kansa da ya rubuta a 1027, wanda likitan nan Ibnu Abi Usaibi'a ya adana mana, ya nuna cewa tun yana saurayi saɓanin da ke tsakanin mutane ya dame shi, kowace ƙungiya tana ganin ita ce da gaskiya, alhali gaskiya ɗaya ce. Wannan ya sa ya karkata ga irin ilmin da ake iya aunawa a gwada, wanda in ka faɗi magana wani zai iya binta ya ga ko haka ne ko ba haka ba ne. Sannu a hankali sunansa ya fita a fannin handasa, watau ilmin awon ƙasa da gini, har labarinsa ya kai Masar.

KOGIN NILU DA SARKI ALHAKIM

A wancan zamani Faɗimiyyawa ke mulkin Masar. Su suka kafa birnin Alƙahira a 969, suka kuma gina masallacin Azhar. Sarkinsu na lokacin, Alhakim bi Amrillahi, ya hau gado a 996 yana ɗan shekara 11. Mutum ne mai son ilmi, shi ya buɗe gidan karatu mai suna Darul Ilmi a 1005, amma fa mutum ne mai wuyar sha'ani. Ya kashe manyan ma'aikatansa da dama, ya taɓa sa a kashe karnukan birni, har miyar lalo ya hana sha, wadda Yarbawa ke kira ewedu. Wanda ya kusance shi bai san abin da gari zai waye da shi ba.

Rayuwar Masar kuwa gaba ɗaya a kan Kogin Nilu take. Kowace shekara ruwan saman da aka yi a duwatsun Habasha yakan gangaro ya cika kogin ya malale gonaki. In ruwan ya yi kaɗan a yi yunwa, in ya yi yawa ya cinye garuruwa. Har ma'auni suka gina a tsibirin Rauda kusa da Alƙahira don duba hawan ruwan.

Marubucin tarihi Ibnul Ƙifɗi, wanda ya rasu a 1248, shi ya kawo labarin abin da ya faru. Ya ce an kai wa Alhakim labari cewa akwai wani masani a Basra da ya ce da yana Masar da ya yi wa Nilu wani aiki wanda zai sa a amfana da shi ko ya cika ko ya janye. Nan da nan sarki ya aika masa da kuɗi ya ce ya zo. Da ya iso, sarki da kansa ya fita bayan gari ya tarye shi, aka sauke shi da girmamawa, sa'an nan aka haɗa shi da magina da masu sana'a suka nufi kudu, suna bin kogin zuwa Aswan, tafiyar kusan kilomita 900.

Tun a hanya jikinsa ya fara sanyi. Ya ga irin gine-ginen da mutanen Fir'auna suka bari, manyan duwatsu an sassaƙa an ɗora bisa awo ba kuskure, sai ya ce a ransa mutanen da suka iya wannan, da tare kogin mai yiwuwa ne da sun riga sun yi. Da ya kai wurin da ake kira Janadil, kudu da Aswan, inda ruwan ke gangarowa ta tsakanin duwatsu, ya duba gaɓa da gaɓa ya auna, sai ya tabbata abin da ya zana a takarda yana Basra ba zai yiwu da kayan aikin zamaninsa ba.

To, a nan ne halin mutumin ya fito. Yana iya sa leburori su yi ta jidar dutse shekara da shekaru yana cin kuɗin sarki, kamar yadda muka sha gani ana yi da kwangila. Bai yi haka ba. Ya koma Alƙahira ya gaya wa sarkin da ke kashe mutane a kan abin da bai kai wannan ba cewa ya yi kuskure, aikin ya fi ƙarfinsa. Tarihi kuwa ya gaskata shi, domin sai a 1902 aka iya gina madatsar ruwa ta farko a Aswan, babbar kuma aka fara ta a 1960 aka gama a 1970, da injuna da dubban ma'aikata, kusan lokaci ɗaya da tamu ta Kainji wadda aka gama a 1968.

HAUKAN ƘARYA

Alhakim bai kashe shi ba, sai ya ba shi aiki a wani ofishin hukuma. Ibnul Haisam ya karɓa don tsoro, amma ya san zama kusa da wannan sarki kamar kwana da maciji ne a ɗaki. Bisa ruwayar Ibnul Ƙifɗi, sai ya ƙirƙiri hauka. Aka kama dukiyarsa aka ajiye, aka tsare shi a gida aka sa mai lura da shi. Haka ya zauna har 1021, shekarar da Alhakim ya hau jakinsa da dare ya nufi dutsen Muƙaɗɗam, daga nan ba a sake ganinsa ba. Da labari ya tabbata, sai mahaukaci ya warke, aka mayar masa da kayansa.

Daga nan bai sake neman aikin sarauta ba. Ya koma wata 'yar ƙubba a bakin masallacin Azhar ya zauna yana karatu da rubutu da koyarwa. Abincinsa kuwa daga hannunsa yake fitowa, domin yana da kyawun rubutu. Kowace shekara yakan kwafi littafin Uƙlidis da babban littafin taurari na Baɗalamusa da wasu na tsakaninsu, a saya a hannunsa dinari 150, shi ke nan guzurin shekara ya samu. Baƙo ne a garin mutane, yana cin guminsa, kamar yawancin masu karanta wannan shafi. Bayansa da shekara 700 wani namu ya bi sawunsa, watau Muhammadu Alkashinawi, Bafillacen Katsina masanin lissafi, wanda shi ma ya zauna Alƙahira ya koyar har ya rasu can a 1741.

GARDAMAR GANI

Littattafan da aka lissafa na Ibnul Haisam sun kusa 100, fiye da 50 kuma sun iso zamaninmu. Wanda ya fi duka shahara shi ne Kitabul Manazir, watau littafin ilmin gani, mai kashi 7.

Kafin shi masana sun rabu biyu. Masu lissafi, irin su Uƙlidis da Baɗalamusa da Alkindi na Bagadaza, suna cewa wasu zaruruwan haske ke fita daga ido su je su sauka kan abu, kamar yadda makaho ke miƙa sanda ya taɓa abin da ke gabansa. Ƙyallin idon dabbobin dare yana cikin abin da ya ƙarfafa wa mutanen dā wannan zato. Ɗaya ɓangaren kuma, su Arisɗo da Ibnu Sina, suna cewa siffar abu ce ke zuwa ta shiga ido, amma sun kasa bayyana yadda siffar dutse ko raƙumi za ta shiga ɗan ƙaramin ido, a kuma gane girmansa da nisansa.

Ibnul Haisam ya fara da abin da kowa ya sani. In ka kalli rana idonka zai yi zafi, zafi kuwa alama ce ta wani abu ya shigo daga waje ya taɓa idon. In ka daɗe kana kallon abu mai haske sa'an nan ka juya wajen duhu, za ka ci gaba da ganin alamarsa na ɗan lokaci, watau hasken ya bar gurbi a ciki. Sa'an nan ya ce a duba taurari: da ka ɗaga kai ka buɗe ido sai ka gan su gaba ɗaya, to wane irin abu ne zai fita daga ƙwayar ido ya cika rabin sama cikin ƙiftawa, idon kuma bai ragu da kome ba? Daga ƙarshe ya ce ko da an yarda wani abu yana fita, dole ne ya komo da labari cikin ido kafin a gani. Tun da komowar ce ke sa gani, fitar ba ta da wani aiki.

Abin da ya kafa a maimakon wannan shi ne, kowane ɗigo na jikin abin da haske ya sauka a kansa yana watsa haske ta kowace fuska, a miƙe sak kamar zaren da aka ja. Daga cikin wannan haske wani yakan shiga ido ta ɗan baƙin ramin nan na tsakiya, kowane ɗigo na waje ya sami nasa ɗigon a ciki, daga nan jijiya ta kai saƙon ga ƙwaƙwalwa. Ta haka ya ɗauki lissafin ɓangare na farko ya haɗa da ra'ayin ɓangare na biyu da bayanin likitoci a kan ƙirar ido, ya mai da su ilmi guda. Ya kuma nuna cewa ƙwaƙwalwa tana da nata aikin wajen gane nisa da girma, shi ya sa wata yakan yi kamar ya fi girma sa'ad da yake fitowa daga bakin ƙasa, alhali girmansa bai sake ba.

ƊAKI MAI DUHU

Abin da ya bambanta shi da na gabansa shi ne ba ya barin magana a baki, sai ya gwada, ya kuma rubuta yadda wani zai maimaita gwajin da kansa. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajensa ko a Karmo ana iya yinsa yau da dare. Ya jera fitilu a waje daura da wata 'yar kafa da ke shiga ɗaki mai duhu. Sai ga ɗigon haske a bangon ciki, kowace fitila da nata, ta dama nata yana hagu, ta hagu nata yana dama. Da ya rufe fitila ɗaya sai ɗigonta kaɗai ya ɓace, da ya buɗe sai ya komo. Wannan ya nuna haske a miƙe yake tafiya, kuma hasken fitilu da yawa yana iya bi ta kafa ɗaya ba tare da ya cakuɗe ba. Da irin wannan ɗaki ya duba siffar rana lokacin husufi ba tare da ya kalle ta ba, ya rubuta maƙala a kai. Kyamarar ɗaukar hoto, har wadda ke cikin wayar hannunka, jikar wannan ɗaki ce.

Ya yi gwaji da madubai, shimfiɗaɗɗu da masu doro da masu zurfi, ya kuma auna yadda haske ke karyewa in ya shiga ruwa ko gilashi. Bai ji nauyin manya ba wajen gyara, domin ya rubuta littafi sukutum a kan shakkun da yake da su game da Baɗalamusa, inda ya nuna cewa mai neman gaskiya wajibi ne ya binciki abin da ya karanta, ya kuma tuhumi kansa yana binciken. Shi ma an yi masa haka. Ya ɗauka ƙanƙarar ido, watau wurin nan da yana take fitowa, ita ce ke karɓar gani. Sai a 1604 Bajamushen nan Kefla ya nuna cewa ƙanƙarar tattara haske kawai take yi, hoton kuma yana sauka ne a juye kan wani tantani da ke can bayan ido.

TO, IDON KYANWA FA?

Yanzu sai mu koma lungun Karmo. In dai ido karɓar haske yake yi, to wutar da ke idon akuya daga ina? Amsar ita ce daga tocilarka. A 1810 wani masani ɗan Janeba mai suna Benedik Firebo ya nuna cewa in aka sa kyanwa a wurin da babu haske ko kaɗan, idonta ba ya ƙyalli. Kowa yana iya gwadawa: ka shiga ɗaki da kyanwa ka toshe kowace kafa, ba za ka ga kome ba, ita ma ba za ta ga kome ba.

Ga yadda abin yake. A bayan tantanin gani na waɗannan dabbobi akwai wata shimfiɗa mai sheƙi kamar madubi, masana suna kiranta tafetum lusidum da Latinanci, ma'ana shimfiɗa mai haske. Hasken da ya shiga ido ba duka tantanin ke kamawa ba, wani yakan wuce. A idon mutum wanda ya wuce yawanci baƙin da ke baya yakan shanye shi. A idon kyanwa kuwa sai ya daki madubin ya komo, ya sake ratsa tantanin karo na biyu, watau haske ɗaya an ci moriyarsa sau biyu. Wannan, tare da faɗin ƙofar idonta da dare, shi ya sa kyanwa ke iya gani da kusan kashi ɗaya cikin shida na hasken da mutum yake bukata. Ragowar da tantanin bai kama ba a karo na biyu shi ne ke fitowa waje mu gan shi kamar wuta. Amma kome da ladansa da la'adarsa, domin komowar hasken tana ɗan dusashe hoton, shi ya sa da rana mutum ya fi kyanwa tantance ƙananan abubuwa.

Akwai kuma dalilin da ya sa mai riƙe da tocila ne ya fi ganin ƙyallin. Ƙanƙarar ido takan tattara hasken a ɗigo ɗaya kan madubin, in ya tashi komowa sai ya bi hanyar da ya shigo, ya nufi inda fitilar take. Wanda ya tsaya gefe da nisa ba zai ga abin kirki ba. Maharban da ke ɗaura fitila a goshi sun gano haka tun ba su san dalilinsa ba, haka direba yana ganin idon saniya a kan titi tun kafin ya ga jikinta, don fitilar mota da idonsa kusan layi ɗaya suke.

Launin kuwa ya danganta da abin da aka yi madubin da shi da yadda aka jera shi. Na kyanwa da kare ƙwayoyi ne masu ɗauke da sinadarin zinki a jere, sukan ba da kore ko rawaya. Na shanu da awaki da tumaki da dawaki siraran zaruruwa ne irin na jijiya, sukan ba da kore mai ratsin shuɗi. Na kada yakan fito ja kamar garwashi a bakin kogi. Kura da dila da gada duk suna da shi, har wani irin gizo-gizo da ke yawo cikin ciyawa, wanda in ka haska sai ka ga kamar an watsa raɓa. Mutum ba shi da shi, haka alade da yawancin birai da tsuntsaye. Jan idon da kan fito a hoto in an ɗauka da walƙiyar kyamara, jinin da ke bayan ido ne hasken ya haska.

Wannan sani ya haifi abubuwa masu amfani. A 1851 Bajamushe Helmhols ya bayyana wata na'ura da ke sa hasken fitila da idon likita su bi layi ɗaya, ita ce likitocin ido ke leƙa cikin idonmu da irinta har yau. A 1934 kuma wani Baturen Ingila, Fasi Sho, ya yi rajistar 'yan ƙwallayen gilashin da ake dasawa a tsakiyar titi su mai da hasken mota ga direba, ya sa musu suna idon kyanwa.

BAYAN RASUWARSA

Ibnul Haisam ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, yana da kimanin shekara 75. Allah Ya jiƙansa. Wajen shekarar 1200 aka juya Kitabul Manazir zuwa Latinanci, malaman Turai irin su Roja Bekon suka ɗora karatunsu a kansa, sa'an nan aka buga shi da injin ɗab'i a birnin Bazil na Suwizalan a 1572, shi ne Kefla ya karanta. A Gabas kuwa Kamaluddin Alfarisi, wajen 1300, ya yi masa sharhi, ya kuma bayyana yadda bakan gizo ke samuwa ta hanyar gwaji da kwalbar gilashi mai cike da ruwa. A zamanin nan Musɗafa Nazif na Masar ya fitar da nazari mai juzu'i biyu a kansa a 1942 da 1943, Abdulhamid Sabra kuma ya buga kashi uku na farko na asalin Larabcin a Kuwait a 1983. Akwai wani rami a jikin wata da aka sa wa sunansa, ƙasar Iraƙi ta sa hotonsa a takardar kuɗinta, kuma da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2015 ta zama shekarar haske, aikinsa yana cikin abubuwan da aka tuna.

ABIN DA YA SHAFE MU

Jama'a, wannan tarihi yana da abin ɗauka a kai gida. Na farko, kyanwar da ta tsura maka ido a kan katanga ba mayya ba ce, ba kuma wata tsohuwar unguwa ce ta rikiɗa ba. Haskenka ne ta mayar maka. An sha jifan dabba har ta mutu, an kuma sha ɓata sunan bayin Allah a kan wannan zato, to ya kamata a bari.

Na biyu ga direbobinmu. Saniya da akuya suna ba ka sanarwa da idonsu, amma mutumin da ke tafe a gefen titi da baƙaƙen kaya idonsa ba ya ƙyalli, ba za ka gan shi ba sai ka zo dab da shi. In za ka ratsa gari da dare, a Karmo ne ko a Agege, sassauta gudu. Mai tafiya a ƙasa kuma ya sa farin kaya ko ya riƙe fitila.

Na uku shi ne mafi muhimmanci, ga iyaye. Tun da idon mutum ba shi da wancan madubi, in kuka ga tsakiyar idon yaro yana ƙyalli fari ko rawaya kamar na kyanwa, da dare ko a cikin hoto, wannan ba baiwa ba ce, ba kuma aikin iska ba ne. Yana iya zama yana, yana kuma iya zama ciwon daji na cikin ido wanda kan kama ƙananan yara, wanda in aka gano shi da wuri ana ceton ran yaro, wani lokaci har da ganinsa, in kuwa aka yi jinkiri yana kisa. Kada a tsaya ɗiga magani a gida. Mazauna Ikko ga asibitin koyarwa nan a Idi-Araba, na Badun ga asibitin jami'a, a Arewa kuma ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano.

In kuma ka je gida ka biya ta Karmo, yaro ya shigo a guje yana cewa ya ga aljani a bayan ɗaki, kama hannunsa ku koma tare. Haska masa akuyar ya ga wutar, sa'an nan ka kashe tocilar ka tambaye shi ina ta tafi.